Kimiyya a Bakin Tukunyar Gishiri: Abin da Na Gano a Awe

 Kwana biyu an ji ni shiru. Ba wani abu ba ne illa tafiya da ta kama ni zuwa Awe, garin mahaifina a Jihar Nasarawa, don duba Gwaggona da ta yi fama da ciwon ƙafa. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Na tafi da niyyar kwana uku, sai ga shi na yi mako biyu, na kuma dawo da wata magana da ta tsaya mini a rai, wadda nake ganin gara in amayar da ita a nan, masu ilimin abin su gyara mini inda na kauce.

Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a tsakar gida, jikar Gwaggo, yarinya 'yar aji ɗaya a babbar sakandare, tana gefe da fitilar waya tana haddar darasin kemistiri, don washegari suna da gwaji. Ina jin ta tana ta nanatawa kamar mai biya allo: filtireshan, ibaforeshan, kiristalaizeshan. Na ce ta kawo littafin in gani. Darasin a kan hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗe ne, an zana mata mazurari na gilashi da takardar tacewa da wani ɗan murhun gas da ba ta taɓa gani da idonta ba. Na tambaye ta, "To a ina kika taɓa ganin ana yin wannan aiki?" Ta ce, "Kawu, ai makarantarmu ba mu da ɗakin gwaji. Malam ya ce sai in mun je jami'a za mu gani."

Mai karatu, yarinyar nan da safiyar ranar ita ta ɗauko wa kakarta itace zuwa wurin dafa gishiri. Tun tana goye ake zuwa da ita wurin. Duk abu ukun da take haddacewa, a gabanta ake yin su tun daga fari har ƙarshe, kuma da kuɗin gishirin aka saya mata littafin da ke hannunta. Amma a kanta babu wata hanya da ta haɗa littafin da tukunyar. Littafi na Turawa ne da 'yan jami'a, tukunya kuwa wahalar tsofaffi ce da ake karatu don a tsere mata. Ban ga laifinta ba. Haka aka koya mini ni ma, kuma sai da na kwashe shekaru a ƙasar wasu kafin na gane asarar da aka yi mini.

Abin da ake yi a fadamar gishiri

Ga wanda bai san wurin ba, Awe da Keana da Azara garuruwa ne da Allah Ya hore wa maɓuɓɓugan ruwan gishiri, kuma aikin gishirin na mata ne, a lokacin rani ake yin sa. Ruwan gishirin yana jiƙa ƙasar fadama, rana da iskar hunturu su busar da saman, sai ka ga wurin ya yi fari-fari. Mata su kankare wannan ƙasa su tara, su zuba a tukwane masu huji a gindi, su kwarara ruwan maɓuɓɓuga a kai. Ruwan ya ratsa ƙasar ya ɗiga a wani mazubi a ƙasa, ya bar laka da yashi a sama. Wannan ruwa da ya ɗiga shi ake ɗorawa a wuta a yi ta dafawa har ya ƙafe, ƙwayoyin gishiri su fito, a kwashe a tsane.

Na tambayi Gwaggo, me ya sa ba za a ɗebo ruwan maɓuɓɓugar kai tsaye a dafa ba, a huta da kankarar ƙasa? Ta dube ni irin kallon da ake yi wa ɗan boko, ta ce, "Kai ne za ka ba ni itacen?" Amsar ke nan, kuma babu malamin kemistiri da zai ba da wadda ta fi ta. Bari mu yi lissafin. Lita ɗaya ta ruwa ba ta iya narkar da gishirin da ya wuce kimanin giram 360, daga nan ta ƙoshi, ko ka ƙara sai dai ya kwanta a ƙasa. Ruwan teku kuwa gishirinsa kimanin giram 35 ne a lita. Ke nan in ruwanka ya ƙoshi, lita uku ba ta cika ba za ka ƙafar ka samu kilo ɗaya na gishiri. In kuwa ƙarfinsa irin na ruwan teku ne, sai ka ƙafar da wajen lita 28. Ninki goma ke nan. Sannan ƙafar da ruwa shi ne mai cin wuta: zafin da ake bukata kafin tafasasshen ruwa ya zama tururi ya ninka wanda ake bukata a kai shi ga tafasa wajen sau bakwai. Saboda haka matan nan suna barin rana ta yi musu yawancin aikin kyauta a kan ƙasar fadama, sannan su wanke gishirin da rana ta tara da ɗan ruwa kaɗan, su kai wa wuta ragowar aikin. Injiniyan da ya tsara haka a masana'anta, ƙarin girma za a yi masa.

Dubi darussan da ke kwance a wannan fili ɗaya. Yadda ruwa ke hawowa ta cikin ƙasa zuwa sama, daidai yadda lagwani ke zuƙo kananzir. Yadda iska da rana ke ƙafar da ruwa, da dalilin da ya sa aikin ba ya yiwuwa da damina. Bambancin abin da ke narkewa a ruwa da wanda ba ya narkewa. Tacewa. Dalilin da ya sa ruwan da ya ƙoshi da gishiri ba ya tafasa a digiri 100 sai ya kai wajen 108. Dalilin da ya sa ƙwayar gishiri, in ka dube ta da gilashin ƙara girma, take da kusurwoyi kamar ɗan akwati, wanda daga nan malami zai shiga bayanin yadda sodiyam da kulorin suke jeruwa. Rabin zangon karatu ke nan, a wurin da bai fi tafiyar ƙafa daga aji ba, amma an ce wa yarinya ta jira jami'a.

Tambayar da ta fi daɗi ma ita ce, ina gishiri ya fito a tsakiyar ƙasa, nesa da teku haka? Masana duwatsu sun nuna cewa kwarin Binuwai ya samu ne lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, kuma kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce teku ya malalo ya mamaye wannan kwari kafin ya janye. Da wannan tsohon teku ake danganta ruwan gishirin. Masanin duwatsu Matthew Offodile ya yi nazarin yankin a 1976, kuma har yau a littattafan ilimin duwatsu akwai shimfiɗar duwatsu mai sunan Awe da mai sunan Keana. Ɗaliban jami'o'i suna haddace sunayen nan don cin jarrabawa. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri a wannan yanki namu na Afirka, ya kawo gishirin kwarin Binuwai tare da na Bilma da na Manga. A Keana, Alago suna da bikin gishiri na Oyarore. Wato duniya ta san Awe a littafi, ɗan Awe ne kawai ba a gaya wa cewa garinsa yana cikin littafin ba.

Abin da na gani a ƙasar wasu

Na zauna shekaru a lardin Saskacewan na ƙasar Kanada, kuma a can na fara ganin abin da nake magana a kai. Littafin kimiyyar da aka ba ɗana a makaranta, a kusan kowane babi akwai bayanin dattawan asalin mazauna ƙasar, yadda suke karanta yanayi, yadda suke adana nama, yadda suke zaɓen itacen yin kwalekwale, sannan a ɗora bayanin kimiyyar zamani a kai. Da farko na ɗauka siyasa ce kawai ta lallashin mutanen da aka zalunta. Da na bincika sai na tarar akwai nazari a bayan abin. Wani malamin jami'ar lardin, Glen Aikenhead, ya daɗe yana bayanin cewa shiga ajin kimiyya ga yawancin yara kamar ƙetare iyakar ƙasa ne: ka bar yaren gidanku da hanyar tunanin gidanku ka shiga wata ƙasa mai nata dokoki. Wasu yaran su ƙetare lafiya, wasu da ƙyar, wasu kuwa su koyi dabarar haddace abin da zai fisshe su jarrabawa ba tare da ya taɓa zuciyarsu ba.

Abin da ya ba ni mamaki, ya kuma ɗan ba ni haushi, shi ne wanda suka yi fitaccen rubutunsu na 1999 tare ɗan Nijeriya ne, Farfesa Olugbemiro Jegede, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa. Shi ya yi bayanin yadda yaro ɗan Afirka ke ajiye sani biyu a kansa gefe da gefe, na gida da na makaranta, kowanne da lokacin fito da shi, ba tare da sun gaisa ba. Jikar Gwaggo ke nan sak. Namu ya gano ciwon, wasu suka ɗauki maganin suka sa a littattafan 'ya'yansu, mu kuma muna nan muna zana wa yara murhun gas a allo.

Kuma ba gishiri kaɗai ba ne. Ruwan zoɓo, in ka ɗiga masa lemon tsami sai ya ƙara ja, in ka sa masa kanwa ko ruwan toka sai ya rikiɗe ya yi duhu-duhu zuwa kore. Aikin da takardar gwajin tsami ke yi a ɗakin gwaji ke nan, wadda malamai ke kukan ba a kawo musu ba. A marinar Ƙofar Mata a Kano, zane yana fitowa daga ramin baba kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi a gaban idonka, darasin aikin iskar oksijin ke nan. Daddawa da nono da ƙullun koko duk aikin ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Jiƙa rogo da matse shi da soya shi hanya ce ta fitar da gubar da ke cikinsa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta tana ƙafewa tana tafiya da zafi, kuma da wannan sani ne Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Bai shigo da komai daga waje ba, abin da ke ɗakin kowace uwa ya duba da idon mai tambaya.

Batun tarbiyya

Akwai ɓangare na biyu da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Mun saba ɗaukar kimiyya a matsayin darasin da babu ruwansa da hali, tarbiyya kuma sai a darasin addini. A fadamar gishiri ban ga wannan rabuwa ba. Kowace mace ta san iyakar wurinta da na maƙwabciyarta. In wata ta haihu ko ta kwanta ciwo, 'yan uwa su kama mata. Wadda ta cakuɗa gishirinta ko ta tauye mudu, kasuwa za ta sani, kuma sunan gidansu ne zai ɓaci. Sanin aiki da sanin haƙƙin mutane tare ake koyon su, a hannun mutum ɗaya.

Kimiyya ta gaskiya ma a kan haka ta ginu. Ka rubuta abin da ka gani, ba abin da kake so ka gani ba: gaskiya ke nan. Ka auna daidai, ka sake aunawa: cika mudu ke nan. Ka bari wani ya duba aikinka ya fito da kuskurenka: gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yau kuwa a makarantu da yawa, yaro yana kwafe sakamakon gwajin da bai taɓa yi ba daga allo, ya miƙa a ba shi maki. Wato muna koya masa shaidar zur da sunan kimiyya, sannan mu yi mamaki in ya girma ya sa hannu a takardar cewa gini ya yi ƙarfi alhali bai je wurin ba.

Ga kuma amanar ƙasa. Nasarawa, tun da aka ƙirƙiro ta daga Jihar Filato a 1996, kirarinta shi ne gidan ma'adinai. A Azara ana haƙar baraiti, farin dutse mai nauyi da ake amfani da shi wajen haƙar rijiyar mai, kuma kwarin Binuwai an san shi da dalma. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ya san cewa wannan ba darasin cin jarrabawa ba ne kawai. Iyayen yaran nan ba mugaye ba ne, neman abinci suke yi, ba wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin ƙurar. Yaron da aka koya wa kimiyya a kan ƙasar garinsu, aka kuma haɗa masa da cewa rijiyar unguwa amana ce a wuyansa, shi ne zai iya tsayawa gaban mahaifinsa cikin ladabi ya ce, Baba, kada a kawo dutsen nan cikin gida.

Ƙorafe-ƙorafen da na ji

Na yi wannan magana da wani abokina malamin makaranta a Lafiya, bai raga mini ba. Ya ce, "Ku 'yan dawowa daga waje haka kuke. Naku 'ya'yan sun yi karatu da kwamfuta, namu kuma kuna so a mayar da su bakin tukunya." Maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a ciki. Ba ina cewa a daina neman ɗakin gwaji ba ne. Haƙƙin yaran Awe ne a gina musu, a sa kaya, a kawo wuta, kuma kada wani jami'i ya fake da irin maganata ya ce ai suna da tukwane. Abin da nake cewa shi ne, ko an gina ɗakin, yaron da bai ga alaƙarsa da rayuwarsa ba haddar zai ci gaba da yi, sai dai yanzu yana sanye da farar riga. Daga tukunya za a fara, ba a tukunya za a tsaya ba.

Ƙorafi na biyu shi ne camfi. In ka buɗe wa al'ada ƙofar aji, ai har da tarkacenta za ta shigo. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A ƙasar Niyu Zilan, a 2021, wasu farfesoshi bakwai na Jami'ar Okland sun rubuta wasiƙa a wata mujalla suna adawa da shirin daidaita ilimin gargajiyar Mawori da kimiyya a manhajar sakandare, aka yi ta cece-ku-ce har a wajen ƙasar. Ni matsayina a nan a fili yake. Babu kimiyyar Bature da kimiyyar Bahaushe, ruwa ba ya tambayar ƙabilarka kafin ya tafasa. Duk abin da aka ce yana aiki, na kaka ne ko na littafi, a kawo shi a gwada. Wanda ya ci gwaji a riƙe, wanda ya faɗi a ajiye shi cikin mutunci. Abin da kuma ba na gwaji ba ne, kamar imani da ladabi, a bar shi a muhallinsa, kada a ce kimiyya ce.

Misali daga gishirin kansa. Gishirin gargajiya ba a sa masa sinadarin aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, ya kuma tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Saboda haka ne tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa don ci. A nan sanin Gwaggo ya tsaya, don aidin ba ya ganuwa, ba ya ɗanɗanuwa. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan ruwan gwaji da ake ɗigawa a gishiri, in akwai aidin ya koma shuɗi. A kawo shi aji, yara su kawo gishirin gidajensu a gwada, sannan a tambaye su: yaya za a yi gishirin garinmu ya samu aidin ba tare da an kashe sana'ar iyayenmu ba? Haka batun hayaƙin da matan ke shaƙa, da itacen da ke ƙara nisa kowace shekara: wane irin murhu ne zai rage cin itace? Za a iya shanya ruwan a faranti mai faɗi rana ta ƙarasa aikin? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, masu amsar da za a iya aunawa, kuma amsarsu kuɗi ce a hannun uwar yaron.

Wani misalin ya fi ɗaci. A shekarun 1970, likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Al'ada ce da iyaye ke yi don ƙauna, amma ƙauna ba ta hana gishirin kanwa tara ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana. Malamin da ya fara da girmama abin da kaka ta sani daidai, shi ne za a saurara ranar da ya ce ga inda ta yi kuskure. Wanda ya shigo da raini kuwa, ko gaskiya ya faɗa, a ƙofar gida za a bar ta.

Ƙorafi na uku shi ne harshe da jarrabawa: WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yin su. Haka ne. Ni ina cikin masu ganin yaro ya fi gane abu da harshen da yake mafarki da shi, kuma gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarbanci, ya nuna ba su koma baya a Turanci ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da janye tsarin. Wannan muhawara ce ta wata rana, kuma a wuri irin Awe, inda aji ɗaya zai haɗa Bahaushe da Bajukune da Alago da Tibi da Bafulatani, ba ta da sauƙi. Amma abin da nake kira a kai bai rataya a kanta ba. Ko da Turanci ake darasin, babu dokar da ta hana misalin ya fito daga fadamar gishiri. Yawan ƙabilun ma riba ce: a tambayi kowane yaro yadda ake adana doya ko hatsi ko nono a gidansu, a jera a allo, a nemo dalilin da ya haɗa su. Yaron da ya ga an rubuta hikimar gidan abokinsa a allo kusa da ta gidansu, da wuya ya tashi yana ganin abokin nan ba mutum ba ne. A yankin da ya ɗanɗana rikicin manoma da makiyaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Ba sai an jira Abuja ba. Shugaban makaranta yana iya ware rana ɗaya a zango a kai ɗalibai wurin gishiri, da izinin masu wurin, ba don yawon buɗe ido ba, da ma'auni da littafin rubutu a hannu. A gayyato tsohuwa ɗaya ta zo aji ta yi bayani, a shimfiɗa mata tabarma ko a ba ta kujerar malam, a kira ta malama, a kuma sallame ta da abin goro, don ilimi ta kawo. Kwalejin Ilimi ta Akwanga da Jami'ar Jiha ta Keffi da Jami'ar Tarayya ta Lafiya, inda ake horar da malamai da masana, su sa ɗalibansu su rubuta ƙananan littattafan darasi a kan gishiri da riɗi da rogo da baraiti, maimakon kundayen da ke ƙarewa a kabad. Mu kuma da muka zauna a waje, da ƙungiyoyinmu na ci gaban gari, kafin mu tara kuɗin kwamfutocin da za su yi ƙura saboda rashin wuta, mu sayi sikeli da ma'aunin zafi da gilashin ƙara girma, mu kuma ɗauki nauyin horar da malami ɗaya. Kuɗin bai kai na rago biyu ba.

Daren da zan taho, na sa yarinyar ta kawo kofi biyu da ɗanyen ƙwai. Ɗaya muka cika da ruwan rijiya, ɗaya da ruwan da kakarta ta tace. Ƙwai ya nutse a na farko, ya taso a na biyu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, to in aka gauraya su rabi da rabi fa?" Na ce ban gaya miki ba, gwada ki gani. Tun da na zo gidan, wannan ce tambaya ta farko da na ji ta yi wadda ba ta cikin littafi. Gwaggo tana kan tabarma tana kallonmu, ta ce, "Kishiya, in kin gama wasa da ƙwaina ki mayar mini da shi, kuma gobe ki zo in nuna miki yadda ake gane ruwa ya yi ba tare da an ɓata ƙwai ba."

Matan da suka san aikin nan suna tsufa, 'yan mata kuma ba sa son gadonsa, kuma ban ga laifinsu ba matuƙar wahalar tana nan yadda take. In ba a kawo makaranta wurin ba, nan da wasu shekaru sanin zai bi masu shi, kowa ya bar gida kuwa gida ya bar shi. Malamai da iyaye da ke karanta wannan, musamman na Awe da Keana da Obi da Doma, ina son jin abin da kuka gani a naku wuraren, da inda kuke ganin na yi kuskure. Allah Ya ba Gwaggo da sauran iyayenmu lafiya, Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, Ya sa mu dace. Sai mun sake haɗuwa.